Sakwarar Madam da Neman Aurena a Gombe

Kano zuwa Darazo

Ana sallame Asuba na je na ɗauko Baffa Isa, ƙanin mahaifina, muka nufi tasha. Ranar ce zai nema mini auren Fa'iza, malamar makarantar da na haɗu da ita lokacin da nake sayar da tayil a Gombe. Dattijan gidansu sun ce mu zo unguwarsu Kagarawal da an idar da La'asar. Murna ta hana ni zama daidai a mota, har direba ya ce, "Malam, in kujerar na da ƙusa ka faɗa."

Muka wuce Wudil da Birnin Kudu, muka bi ta Gwaram. A shingen Basirka ɗan sanda ya leƙo, ya ga goro da alewa, ya ce, "Allah ya sanya alheri, amma goron hukuma fa?" Baffa ya miƙa masa guda. A Darazo Baffa ya kira mai waina, na riƙe masa hannu.

"Baffa, kada ka ɓata cikinka. Akwai sakwarar da zan kai ka ka ci a Gombe. Can ni ɗan gida ne."

Unguwar Madaki

Mun shiga Gombe ta Dukku ana kiran Azahar. Muka yi salla, muka hau keke Napep zuwa gidan abincin Madam, wata Inyamura da na shekara da shekaru ina cin girkinta. Tana hango ni ta yar da ludayi.

"Nura, yarona! Ka dawo! Sannu Baba, zauna, zauna!"

Na kalli Baffa ina ta washe baki. Muka ce sakwara da miyar agushi.

Wasu matafiya suka shigo bayanmu, aka ba su. Wasu ma'aikata suka zo, suka ci, suka wanke hannu, suka tafi. Duk mai kai abincin da na ɗaga wa hannu sai ta ce, "Ana zuwa." Ko ruwa ba a dire mana ba. Na leƙa kicin.

"Madam, baƙo gare ni fa, kuma ana jiran mu."

"Haba Nura, kai na gida ne. Bari in sallami baƙi, su za su gudu. Kai ina za ka je?"

Sai a lokacin na tuna haka take yi. Wanda ya fi daɗewa da ita shi ne na ƙarshe a layi. Da ina gwauro ban taɓa damuwa ba, hira nake sha. Yau kuwa kunya ta rufe ni, ga Baffa yana ta jan carbi. Ana kiran La'asar Madam ta fito tana goge hannu.

"Yarona, sakwara ta ƙare. In ɗora shinkafa?"

Baffa ya miƙe ya gyara hula. "Tashi mu je, ɗan gida."

Kagarawal

Kafin mu yi salla mu samu keke, rana ta yi sanyi. Muna isa na ga dattijo biyu suna neman takalmansu a ƙofar zaure. Har sun gaji da jira za su tafi. Baffa ya shiga da goro, ni kuma na tsaya nesa a gindin darbejiya, tunda mai neman aure ba ya shiga. Tsoro na gaske na ji, don an ce waliyyin Fa'iza ba ya wasa da alkawari.

Da Baffa ya fito, sakace yake yi. Dambu suka ba shi da fura da nono.

"Baffa, yaya?"

"Sun tambayi abin da ya tsayar da mu, na faɗa musu tsaf. Waliyyin ya ce, 'Duk wannan bai ɗaga wa matar murya ba?' Na ce ko tari bai yi ba. Ya ce to, wanda zai iya wannan zaman zai iya zama da 'yarsu. Sun ba ka."

Na rungume mai keken da ya kawo mu, wanda ko sunansa ban sani ba.

Komawa gida

Mun kwana a Nasarawo gidan wani abokina, washegari muka iso Kano lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa mutanen Kagarawal da suka ciyar da Baffa. Da Madam ta ji labari sai ta bugo waya tana ta guɗa, wai ita za ta yi girkin biki kyauta. Na faɗa wa Baffa.

"Ka karɓa," in ji shi. "Amma ka ce mata ni baƙo ne."