Hawainiya a Ƙofar Jirgin Annabi Nuhu

A gidanmu na unguwar Kwarbai, idan sanyi ya shigo, ba a kashe wutar murhu bayan an kwashe tuwo. Kakarmu, Inna Kulu, takan jawo tabarma kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta kafin a kira isha'i. Ba zan iya tabbatar da shekarar ba; abin da na tabbatar shi ne ban shiga makarantar boko ba tukuna.

Tatsuniyar da muka fi so ita ce ta hawainiya. Wai da aka yi shela dabbobi su shiga jirgin Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kowa ya ruga, har mijin hawainiya. Ita kuwa tana tafe tana ɗaga ƙafa kamar mai jin tausayin ƙasa, sai ta tarar da dodon-koɗi yana kuka, don ya san ba zai kai ba. Ta goya shi. Hadari ya haɗu, tsoro ya sa jikinta ya riƙa sauya launi, amma ba ta sauke shi ba. A nan Inna takan buɗe murya ta ce, "Sai Annabi Nuhu ya ce, kada a rufe ƙofa, akwai mai goyo a baya!"

Wata rana ƙanin mahaifina, Baffa Malam, mai karantarwa a zaurenmu, ya shigo ɗibar garwashi ya ji. Ya durƙusa ya ce, "Inna, a gafarce ni. Hawainiya taki ce, ki yi yadda kika so da ita. Amma annabi ba a sa masa magana a baki."

"To, Malam," in ji ta, "ni da na goya ka, yau ni ce ɗaliba?"

Ta yi dariya, amma daga ranar ta daina ba mu labarin, domin mace ce mai tsoron Allah. Idan na roƙe ta sai ta ce, "Maigidana, so kake a tsare ni da tambaya a kabari saboda hawainiya?" Muka ɗauka mun rasa tatsuniyar ke nan.

Ana nan, wata yamma Inna ta aike ni in kira Baffa. Ta ɗauko labarin daga farko, ta kawo hawainiya har bakin jirgi, sai ta tsaya. "Malam, nan iyakata. Karɓi naka."

Baffa ya gyara zama ya faɗi abin da ya tabbata a ƙissa: umurnin ɗaukar dabbobi namiji da mace, zuwan ruwa, da tsayawar jirgi a kan dutse. Bai ƙara komai ba.

Ƙanwata Hajara ta kasa haƙuri. "To Inna, an jira ta?"

"Ni ban je ba, ban gani ba. Amma wa kuka gani jiya a kan reshen lalle?"

"Hawainiya!"

"A gindin randa fa, da damina?"

Muka yi ihu, "Dodon-koɗi!" Baffa ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Bana na gama jami'a na fara koyarwa, aka ce in shirya wa yara wasan kwaikwayo, sai na zaɓi tatsuniyar hawainiya. Cikin yaran akwai 'yan Wusasa da suka san Nuhu daga coci, akwai namu na birni da suka san shi daga makarantar allo. Na daɗe ina fargaba, kada in ƙaga wa annabi abin da bai faɗa ba, kada kuma in hana yaran labari mai daɗi. Daga baya na gane Inna ta riga ta nuna mini hanya: mai ƙaga labari yana da fili mai faɗi, har zuwa bakin ƙofa.

A wasan namu babu wanda ya fito a matsayin annabi. Ƙofa ce kawai a gefen dandali, da fitila a bayanta. Da aka tashi, wata yarinya 'yar Wusasa ta ja rigata ta ce, "Malam, an jira ta kuwa?"

Na ce ban je ba, ban gani ba. Sannan na kama hannunta muka nufi shingen makaranta, mu duba.