Albarushi Ɗaya na Inna Uwani

In kuka bi ta ƙarshen garin Jega da hantsi kuka ga gida ɗaya babu hayaƙi, to Inna Uwani na shanya. Sai raɓa ta ɗauke take shimfiɗa fatarta a tsakar gida, ta zuba albarushi, ta zauna gefe tana baza shi da tafin hannu. Ranar ba a hura wuta a gidan, ko ta ɗumamen tuwo. Maƙwabta sun saba, su ke aiko da koko da fura. Mai shan taba kuwa tun daga bakin lungu take jin warinsa, kuma komai girman rawaninsa sai ya sha faɗa ta bayan katanga.

Bana ido ya ƙi, ta naɗe fatar ta miƙa wa ɗiyarta Hussaina. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun tana ji da kunnenta.

Mijinta, marigayi Jibrin maƙeri, gyaran bindigar toka yake yi, kuma albarushi iri uku yake ajewa: na dogayen bindigogin mafarauta, na gajerun masu tsaron gona, da na ƙara don biki. Mutanenmu kuwa kun san su. Mutum zai sayi uku, ya zuba a tandu uku masu kama ɗaya, gobe ya manta wanne ne wanne. An yi asarar bindigogi, an yi ta yatsu. Da Jibrin ya rasu sana'ar ta dawo hannunta, sai ta ce ita ba za ta iya da wannan ruɗani ba. Rani guda ta yi tana fita bayan gari, tana ƙona ɗan kaɗan a kan katanga tana kallon yadda kowanne ke ci, har ta tsaya a kan guda. Ba shi ne mafi ƙara ba, ba shi ne mafi zafi ba. Ita dai ta ce mai sanyin hali ne, doguwa ta ɗauke shi, gajeruwa ta ɗauke shi.

Mafarauta suka sa masa suna albarushin mata. Ta ce ta ji, ta gode, a kawo bindiga. Don dokarta ke nan, ba ta sayarwa sai ta ga bindigar da idonta. Ta leƙa bakin, ta ƙwanƙwasa ƙarfen ta saurara, sannan ta yanke ma'auni na gora daidai cikin wannan bindigar, ta ɗaure mata shi da tsirkiya. Albarushi ɗaya ne, ma'auni ne kowa da nasa. Gidaɗo, makiyayin nan na wajen Maiyama, ya gaya mini shi da ƙannensa biyu tandu guda suke bi da shi daji, kuma tun daga lokacin ya daina kwana da fargabar wani zai ɗura na wani.

Ke ce, Inna, kika mai da abin tsoro abin da ake ratayawa a ɗaka a yi barci. Uwar mafarauta, mai faɗa da gaskiya.

Ni kuwa abin da ya ɗaure ni da ke ya faru ne daminar da ta biyo bayan ba mu jiha. Jan-baki ya sauka a Liba gero na gab da nuna. Wanda bai taɓa ganin tsuntsun nan ya rufe gona ba, ba zai gane tashin hankalin ba. Yayana Surajo, gonar nan ita ce abincin gidansa na shekara, kuma da ƙarar tsohuwar bindigar mahaifinmu yake korarsu. Sai ya ga tsuntsayen sun fara raina ƙarar. Ranar kasuwar Jega ya sami wani baƙo mai sayar da albarushin fasa dutse, ya cika tandu, ya biya wajen Inna wai ta yanke masa babban ma'auni.

Ta buɗe tandun ta shinshina. Ta miƙe ta juye shi duka cikin kwatarniyar ruwa.

Surajo ya yi tsalle. Ya ce, "Inna, mi kinka yi haka? Gerona na can ana ci!"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Bindigar ubanka ta tsuhwa, ƙarhenta ya cinye, ya koma kamar ɓawon ƙwai. Ka ɗura mata wanga, ita da hannunka tare za su tahi."

"Hannuna ne ko naki?"

"Naka ne. Amma ba ta ƙohwata za ya hita ba."

Ya faɗi maganganun da ba a faɗa wa tsohuwa, ya fice. Washegari muna gona muna ta kaɗa gwangwani, sai ga motar albasa ta tsaya a bakin hanya, an sauko da Inna da tandunta da damin gora. Ta zauna gindin tsamiya ta ce duk mai bindiga a Liba ya kawo. Ta auna wa kowa, ta jera su gefen gonaki, ta ce kada wanda ya ƙara a kan ma'auninsa, a dai riƙa bugawa tare. Haka aka yi har tsuntsun ya tashi. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, rabin geron Surajo ya riga ya tafi. Shekarar sai da ya je ƙwadagon albasa Aliero kafin gidansa ya ga sabuwar kaka, kuma ya daina gaishe ta.

A can Aliero ne ya raka wani abokin aikinsa gidan maɗori, ya tarar da mutum biyu an naɗe musu abin da ya rage na hannu. Wajen baƙon nan suka yi sayayya. Ya dawo bai gaya wa kowa ba sai matarsa. Yayana mutumin kirki ne, amma girman kansa ya fi rumbunsa, don haka damina uku yana kewaye lungun Inna.

Mun gode, Inna Uwani. Kin yarda a zage ki a bainar jama'a don wani ya zauna lafiya, kuma ba ki taɓa bin kowa bashin godiya ba. Masu sana'a, in kun ga abin da zai cuci mai saye, ku hana shi ko da zai yi fushi. Hussaina, ki riƙe yadda kika tarar.

Da Surajo ya ji idon Inna ya ƙi, ya ɗauki damin gero muka tafi tare. Ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Inna, Surajo ne na Liba. Na zo ki yahe man."

Ta ce, "Miƙo hannunka."

Ya miƙa. Ta laluba ta kama, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana matsawa, har ta kai ƙaramin. Sannan ta sake shi.

Ta ce, "Dut suna nan. To haƙurin mi za ka ba ni? Tashi a kawo maka hura."

Yayana ya kifa kansa a kan tabarmarta, ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba.