Sara Biyu a Jikin Tsamiya

Ƙaurin ɗanyen itace nake fara ji idan na tuna kakata Inno. Ran nan Babanmu ya babbake gindin dirkokin da zai kafa rumfa, don kada gara ta ci su. Bayan magariba muka kewaye ragowar garwashin a gidanmu na Damri.

"Ga ta nan tafe," in ji Inno. "Ke mai idon kwana, matso."

Wai an yi wata yarinya, ubanta na da gona a bakin gulbi. Can yake kafa rumfar da ake jibge dammunan gero kafin a kai gida. A jikin wata tsamiya ya yi sara biyu. Na ƙasa nan ruwa ke tsayawa a shekarar lafiya, na sama kuwa nan ya taɓa kaiwa da gulbi ya yi fushi. Da na sama yake auna tsayin dirka.

Da ya rasu, ƙanensa ɗan koli ya ƙwace gonar, ya kori uwar yarinyar da tabarma ɗaya. Lokacin yankan gero ya zo, ya tsaya gaban tsamiya bai san wanne ne na awo ba.

"Ke ɗiyar ga, da wane ubanki ka awo?"

Ta ɗora hannu a kan na ƙasa. "Wanga, Baffa."

A nan muryar Inno kan yi zaƙi. "Ita tar riƙe mai dirka shina danne ƙasa. Har da sannu da aiki!"

Gulbi ya cika, ya haye rumfar. Ko zangarniya ɗaya Baffa bai tsira da ita ba.

Yayata ta ce, "Inno, ba ta ji tausai nai ba?"

"Tausai? Shi ya ji na uwatta?" Ta zungure garwashin har tartsatsi ya tashi.

Na daɗe ina son yarinyar nan. Duk wanda ya cuce ni a makaranta, a zuciyata nakan kai shi gindin tsamiya in nuna masa saran ƙasa.

Sai a zaman makokin Inno wata tsohuwa daga Garbadu ta gaya mini cewa yarinyar ita ce Inno. Ta ce a waccan shekarar ƙannen Inno maza biyu a gidan Baffan suke, daga geron nan za a ciyar da su. Ɗaya ne ya ga daminar gaba.