Shekara Bakwai Babu Usta Bakur, Mai Kayan Ƙarfin Mota na Aziziyya

Yau shekara bakwai ke nan da muka kai Usta Bakur makwancinsa. Da safen nan na je na tsaya a gaban wurin da shagonsa yake a da, a wani layi na Aziziyya, inda yanzu ake sayar da gahawa a kofin takarda. Matasa suna zaune bayan gilashi, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, daidai inda kantar Usta take. Ban shiga ba. Na ɗan jima a tsaye, na yi masa addu'a, na juya.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Abubakar, amma mutanen Jidda Bakur suke cewa, Usta kuwa laƙabi ne na gwanin sana'a. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa don sauke farali, bai koma ba. Ni kuwa Issufu ne, mutumin Damagaram, mai ɗinkin kujerun mota. Kafilina, wato wanda ya tsaya mini na zauna a ƙasar, ya kama mini shago a jikin na Usta, muka yi shekara ashirin da 'yan kai bango ɗaya ne tsakaninmu. Ranar da na fara aiki ya ji ina yi wa keken ɗinkina faɗa da Hausa, sai ya leƙo ya ce, "Ya akhi, ashe kai ma namu ne? Yalla, taho ka sha shayi." Hausarsa rabi Larabci ce, tawa kuma da ɗigon Faransanci, kullum sai ya yi mini dariya in na ce "mato" maimakon mota. A haka dai muka fahimci juna.

Usta ba kayan gyara na yau da kullum yake sayarwa ba. Wanda fitilarsa ta fashe ko lagiretonsa ke yoyo, akwai wuraren zuwa birjik a gari. Shi kayan ƙara wa mota ƙarfi yake sayarwa, abin da suke kira tazwid: salansa mai faɗin baki da ke sa mota ruri, fiston da kuloci masu jure gudu, turbo, wili marasa nauyi. Shaguna shida ne irin nasa a layinmu, amma ranar Alhamis bayan la'asar a ƙofarsa ake cunkoso. 'Ya'yan Larabawa, 'ya'yan Yamalawa, 'ya'yan namu, kowa ya buɗe gaban motarsa ana gardama kamar za a dambace, ƙarshe a kira Usta ya raba. Sai ya fito yana goge hannu, ya ɗora tafinsa a kan mota, ya rufe ido, ya ce a taka mai. Minti ɗaya ya ishe shi ya faɗa maka abin da ke damunta da abin da take buƙata. Sau da yawa yakan kori ciniki da bakinsa, ya ce, "Kar ka ɓata kuɗinka, habibi, wannan injin ba zai ɗauka ba." Ni ma ina samun rabona, domin duk wanda ya gyara cikin mota sai ya so ya gyara mazauninta.

A cikin samarin nan akwai wani da zan kira Yahaya, na sauya sunansa saboda mahaifiyarsa tana raye. Ɗa ɗaya tilo ne ga wata baiwar Allah, Khala Hauwa, wato Inna Hauwa, wadda ke zaune a unguwar Ammariyya tana ƙulla yaji da kuka tana kaiwa kasuwar Bab Makka. Yana aiki a tashar jiragen ruwa, shekararsa ashirin da biyu, ya sayi wata tsohuwar mota yana gina ta kaɗan-kaɗan. Usta yana ƙaunarsa ƙwarai, don yaron yana da kunne irin nasa. Wata rana ya zo sayen turbo. Ina zaune a wurin. Usta ya ce masa ya haɗa da birki mai ƙarfi, domin na jikin motar ba don irin wannan gudu aka yi shi ba. Yahaya ya yi dariya, ya kira shi da Ammi, wato kawu, ya ce, "Wata mai zuwa, wallahi. Bari in ɗan ɗana tukuna." Usta ya ce, "Halas, shi ke nan, wata mai zuwa." Ya miƙa masa kwalin.

Watan bai zo ba. Wata Juma'a da yamma, a kan wata hanya da ke bayan gari, wata babbar mota ta shigo gabansa tana juyawa. Waɗanda suka je wurin sun ce ya taka birki tun daga nesa, shatin tayarsa yana nan a kan kwalta, dogo, amma motar ba ta tsaya ba.

Kwana goma shagon Usta yana rufe. A rana ta goma sha ɗaya ya zo ya ce in raka shi Ammariyya. Muka hau wani tsohon bene mai ƙuntataccen tsani, muka sami Khala Hauwa a kan darduma. Usta, ƙaton mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa a gabanta ya ce, "Khala, ni na sayar masa. Na san birkinsa bai isa ba, kuma na ba shi." Ta ɗago ta dube shi. Sannan ta ce, "Ya waladi, kwanansa ne ya ƙare. Tashi, ba ni da komai a kanka." Ya tashi, amma ni da na san shi na ga maganar ba ta sauka daga ƙirjinsa ba. Tun daga wannan mako, duk Juma'a in mun fito masallaci sai mu biya Bab Makka ya sayi kifi da shinkafa da ɗan abin marmari, mu kai mata, mu zauna ta ba mu labarin zamanin da jiragen ruwan alhazai ke tsayawa a bakin teku. Ban da ni, matarsa kaɗai ta sani. Ya sa na yi masa alkawari ba zan faɗa wa 'ya'yansa ba. Babbansu, Usama, shekararsa biyar a lokacin.

Da ya sake buɗe shago ya kafa doka. Ba ya sayar da abin ƙara ƙarfi sai an fara da birki da taya. Kuma duk sabon mai saye sai ya shiga motarsa sun zagaya unguwa, ya ga yadda yake riƙe sitiyari da yadda ƙafarsa ke neman birki. In bai gamsu ba sai ya ce, "Dawo baɗi." Ya sha zagi a kan haka. Wasu suka raɗa masa Shurɗi, wato ɗan sanda. Da yawa sukan fita daga shagonsa su shiga na kusa su saya, yana kallo. Ban taɓa jin ya yi musu bayani ba.

Yadda sana'ar ta mutu kuwa, ba rana ɗaya ta faɗi ba. Sababbin motoci suka zo da kwamfuta a cikinsu, ka taɓa abu ɗaya kamfani ya janye hannunsa daga gyaranta. Binciken lafiyar mota ya ƙara tsanani, kyamarori suka cika tituna. Amma abin da ya fi yi musu illa shi ne wayar hannu. Yaro yana kwance a ɗakinsa zai zaɓi kaya daga wata ƙasa, bayan mako biyu a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Samari ba su daina zuwa wurin Usta ba, sai dai zuwan ya sauya. Su zo su sha shayinsa, su tambaye shi wanne ne ya dace da motarsu, ya ɗauko ya nuna musu, su ɗauki hoton lambar da ke jikin kwali, su ce za su dawo. Ya sani sarai, kuma gobe in wani ya zo haka zai sake yi masa. Na taɓa ce masa ya daina nuna musu lambar. Ya ce, "In ban nuna musu ba, ya Issufu, za su sayo wanda bai dace ba." Shagunan layinmu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya koma sayar da turare, wani ya koma ƙasarsu. Na Usta ne ya rage, ƙura tana hawa kan kwalayen da ke saman kanta.

A nan ne suka saɓa da Usama. Yaro ne mai hankali, ya yi karatu, yana jin Hausa tsaf amma da Larabci yake mayar da amsa. Ya zo da shawara mai kyau: a ɗauki hoton kayan a sa a waya, a riƙa aikawa har Riyad da Dammam. A gabana suka yi maganar. Usta ya ce, "Wanda ban ga ƙafarsa a kan birki ba, ba na sayar masa." Usama ya ce, "Ya Baba, ai in ba ka sayar ba, a wani wuri za su saya." Ya ce, "Su saya. Ba daga hannuna ba." Usama ya ɗauka taurin kai ne na tsufa, ya ce mahaifinsa ya fi son shagon ya mutu a kan ya saurari ɗansa. Ya kama aiki a wani kamfani, ya daina leƙo layinmu. Shekarar ƙarshe ta Usta, gaisuwa kawai ke haɗa su. Sau biyu na roƙe shi ya bar ni in faɗa wa yaron dalili, sau biyu ya hana. Ciwon zuciya ya kwantar da shi kwana huɗu a asibiti, ya cika da hantsin wata Talata. Kafin arba'in Usama ya haɗa kayan shagon gaba ɗaya ya sayar wa wani ɗan kasuwa.

Nakan tambayi kaina me Usta zai ce da zai leƙo Jiddar yau. Na san zai tsaya ya yi ta kallon motocin nan masu aiki da lantarki, da ke wucewa shiru kamar kyanwa, ya rasa inda zai kara kunnensa. Na san zai yi murna da cewa yanzu akwai filayen da aka keɓe don tsere, da hular kwano da motar asibiti a gefe, abin da ya daɗe yana fata tun samari suna gwada gudunsu a hanyar kowa da kowa. 'Yarsa Maryam tana tuƙa kanta zuwa aiki, kuma ina jin da farko zai ɗaure fuska, daga baya ya shiga gefenta yana gyara mata zaman madubi. Abin da zai hana shi sukuni shi ne kwalayen nan da ake ajiyewa a ƙofar gida, babu wanda ya kalli idon mai karɓa ya tambaye shi shekararsa nawa ko yaya birkinsa yake. Ba na cewa Usama ya yi kuskure. Kasuwar ta riga ta tafi inda ya nuna, kuma ko da Usta ya bi shawararsa ba lallai ne shagon ya tsira ba. Kowannensu yana da gaskiyarsa, sai dai ɗaya bai san abin da ɗayan ya sani ba.

Bayan rasuwarsa ni na ci gaba da zuwa Ammariyya ranar Juma'a. Amma idona ya fara gazawa, zare ba ya shiga mini allura sai da taimako, na kuma yanke shawarar ba zan sabunta iƙamata ba, wato takardar izinin zamana. Bayan salla zan koma Damagaram. Khala Hauwa ta haura tamanin, ba ta gani sosai, ba ta da kowa sai maƙwabta. Na je wurin Umm Usama, matar marigayi, na ce mata alkawarin nan ya yi mini nauyi. Ta share hawaye ta ce, "Faɗa masa, ya Issufu. Ni na kasa." Da izininta kuma nake rubuta wannan.

Watan jiya na sa Usama ya ɗauke ni daga masallaci, na ba shi labarin tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na kai ga durƙuson mahaifinsa a gaban tsohuwar, sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya ce, "Lesh, Ammi? Don me bai faɗa mini ba?" Na ce, "Kunyarka yake ji. Ba ya son ka dube shi ka ga mutumin da ya ce halas a ranar da ya kamata ya ce a'a." Ya kifa kansa a kan sitiyari yana kuka. Na ƙyale shi. Can ya ɗago, ya goge fuska da gefen rawaninsa, ya tambaye ni da Hausarsa mai karyayyen harshe, "Wane irin kifi take so?"

Da muka hau benen shi ya yi sallama. Khala Hauwa ta ɗaga kai da sauri ta ce, "Bakur?" Muryarsu ɗaya ce, ni ban taɓa lura ba sai ranar. Ya ce, "La, Khala, ɗansa ne, Usama." Ta miƙo hannu ta laluba fuskarsa, ta ce, "Kai ne wanda ya yi karatu. Kullum sai ya ba ni labarinka har in gaji." Usama ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

In na auna abin da ya rage na Usta Bakur, a ido ba shi da yawa. Babu shago, babu allon sunansa, sana'ar ma kanta ta kusa zama labari a layukan Jidda. Samarin da ya kora da "dawo baɗi" yanzu magidanta ne masu kai 'ya'ya makaranta, kuma babu mai iya cewa nawa ne a cikinsu suke raye saboda shi, don hatsarin da bai faru ba ba ya barin shaida. Abin da na gani da idona shi ne wannan: Juma'ar da ta wuce ƙafata ta hana ni fita, ban kira kowa ba, ban tuna wa kowa ba. Da la'asar maƙwabciyar Khala Hauwa ta buga mini waya ta ce kar in damu, Usama ya zo, shi da matarsa da 'yarsu, har yanzu ma suna can tsohuwar ta hana su tafiya.

Allah ya haskaka kabarinka, Abu Usama, ya haɗa ka da Yahaya a inda babu sauran abin neman yafiya. Zan koma gida hankalina kwance.