Allurar da Na Hana Kakana

A shekarar da abin ya faru, ni yarinya ce da ta gama kolej ba da jimawa ba, ina zaune a Diffa da kakana na wajen uwa, mu biyu rak. Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Gueskérou. Da tashin hankali ya taso mu, mahaifiyata da ƙannena suka wuce Damagaram, aka bar ni da tsoho, don ya ce shi ba zai yi nisa da kogin Komadugu ba. Wani ya ara masa ɗan fegi a bakin kogi yana noman tattasai. Ni ce kunnensa a gidan. Abin da aka faɗa a rediyo da Faransanci ni nake juya masa, kuma in na ce likita ya ce kaza, ba ya sake tambayar kowa.

Tare muka je aka yi mana allurar korona ta farko, aka ce mu dawo ta biyu. Kafin magariba zazzaɓi ya kwantar da ni, hannuna kamar an ɗaura masa dutse, gaɓoɓina duk suna ciwo. Shi kuwa ko gezau. Da safe ya saɓa fartanya, ya tsaya a kaina yana tsokana, wai amaryar tasa raguwa ce, allura guda ta kayar da ita, zai sake ni ya nemo mai ƙwari a garin Gagamari. Na ce masa fatar tsufa ce allurar ta kasa hudawa. Muka yi dariya, amma da ya fita tsoro ya rufe ni. Wata maƙwabciya ta leƙo dubiya, ta ce ai ta biyun ta fi zafi. Ba ni da uwa a kusa da zan tambaya. Ni kaɗai na yi shawara da zuciyata: in ta farko ta yi wa mai jini a jika haka, ta biyu me za ta yi wa tsoho? In ya tafi, wa nake da shi a garin nan?

Da lokaci ya yi, shi da kansa ya tuna mini. Sai na ce masa an sanar a rediyo duk wanda bai ji komai ba jininsa mai ƙarfi ne, ba ya buƙatar ƙari. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya je yana yi wa abokansa na masallaci alfahari. Ni ma ban koma ba.

Watanni suka wuce, aka shiga tsinkar tattasai da shanya. Duk wanda ya san aikin nan ya san kowa tari yake yi, domin yajin yana shiga maƙoshi. Da Kaka ya fara tari, haka muka ɗauka, na dinga dama masa kunu ina ce masa ya rage zama wajen buhuna. Sai da na ga yana tsayawa ya huta tsakanin ɗaki da randa na kai shi likita. Aka gwada shi, aka ce korona ce, aka kwantar da shi. Wata ma'aikaciya, sa'ar mahaifiyata, ta tambaye ni allura nawa aka yi masa. Na faɗa mata gaskiya duka. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce na karanta abin a juye. Sau da yawa jikin matasa, musamman mata, shi ya fi saurin haɗa garkuwa bayan allura, kuma su suka fi jin zazzaɓin. Jikin tsoho yakan haɗa kaɗan, abin da ya haɗa kuma yana saurin raguwa, don haka shi ya fi kowa buƙatar ta biyu. Rashin zazzaɓi ba ya nuna ƙarfin jini, ba ya kuma nuna allurar ba ta yi aiki ba. Na tambaye ta ko da an yi masa da ya tsira daga cutar. Ta ce wannan Allah ne kaɗai ya sani.

Kaka bai dawo gida ba, Allah ya jiƙansa. A kan gadon ma, da bututun iska a hancinsa, sai da ya yi mini alama da hannu wai na rame, ba zai mayar da ni ba. Ban faɗa masa ba. Mahaifiyata da ta zo zaman makoki ita ma ban faɗa mata ba, kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ne, amma har yanzu in na ji tsoho yana tari a layinmu gabana faɗuwa yake.

Abin da na koya shi ne jikina ba ma'aunin jikin wani ba ne. Ƴan uwana masu ɗan karatu da tsofaffi suka dogara da bakinku, ku ji tsoron Allah, kada ku sa tsoronku a bakin likita ko rediyo. In kun tsorata, ku je ku tambaya.

Bayan sadakar arba'in na je aka yi mini tawa ta biyu. Zazzaɓin ya dawo kamar na farko. Na kwanta a tabarma ina kallon fartanyarsa a jingine, ina jiran a ce mini raguwa.