Taƙi Ɗaya a Bakin Buhu

'Yan dako goma sha ɗaya, raƙuma shida na gawayi a hanya, kwana tara kafin Arfa. Abin da ke gabana ke nan a shekarar, kuma masu dafa wa alhazai abinci daga unguwar Jarwal har ta Utaibiyya ni suke jira.

Laifin nawa ne tun farko. Na sa an ɗinka wa kowane buhu ƙarin taƙi ɗaya a baki, ladan dako kuwa ban ƙara ba. Wanda ya gano wani dattijo ne cikin 'yan dakon, Bakano, da ya yi shekaru yana haƙar kwal a Inugu kafin ya taho ta Sudan. Tari ba ya barinsa. Ni ya ba ajiyar 'yar lambarsa ta tagulla, wadda suke ratayawa in za su shiga rami.

A gabana ya auna buhun da hannunsa. Ya ce, "Alhaji, buhunka ne ya girma, ko bayanmu ne ya ƙanƙance?"

Na ce, "Ya ammi, tsufa ne ya kama ka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "To. A ramin kwal ƙungiya gare mu. Ba ma ƙin aiki, a hankali dai muke yin sa."

Washegari duk suka zo, suka gaishe ni, suka ɗauki kaya, suna tafiya kamar masu ƙaya a ƙafa. Buhun da ke isa da hantsi sai azahar. Abu ɗaya suka nema: a farke ƙarin nan.

Aikin wuƙa ne, ba zai kai la'asar ba. Ni kuwa sai na tafi wurin umda, wato mai unguwa, na ambaci kalmar ƙungiya, abin da hukuma ta haramta. Na san dattijon ba shi da takardar zama, don shi ya gaya mini. Bayan kwana biyu aka kama shi, aka tafi da shi Jidda don a fitar da shi daga ƙasar, Arfa saura kwana biyar.

Goman suka koma sauri. Ba wanda ya zage ni, sai dai da na kai musu tuwo, suka ce sun ƙoshi.

Gawayin ya ƙare tas a shekarar, da ribarsa na sayi filin gidan nan. Dattijon kuwa shekara uku ya yi a hanya don tsayuwar Arfa, bai tsaya ba. Lambarsa tana cikin akwatina, ban san wanda zan mayar wa ba.