Abin da Amawalin Malam Ya Rufe

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam, wanda ya ƙare rayuwarsa yana karantar da littattafai a zaurenmu na Unguwar Rogo. Allah Ya jiƙansa. Duk shekara ɗalibansa kan taru su yi masa addu'a, su yabi natsuwarsa. Bana ni 'yarsa zan faɗi abin da ba a son a faɗa a gidanmu.

A shekarunsa na ƙarshe Malam ya fara jan amawalin rawaninsa yana rufe baki in yana ba da karatu. Ɗalibai suka ce kamala ce ta ƙaru, har wasu samari suka shiga kwaikwayonsa, suna magana ta cikin ƙyalle kamar masu mura. Mu na cikin gida mun san gaskiya. Dasashinsa ne ya kumbura yana zubar da jini, bakin ya soma wari, shi kuwa mutum ne mai tsananin kunya. Kullum asuwakinsa ja yake fitowa. In Inna ta yi magana sai ya ce mugun jini ne ke fita, ai sauƙi ne. Ya kurkure da ruwan gishiri, ya tauna kanumfari, ya fita zaure.

Hawan jini kam ya yarda yana da shi. Wata rana bayan la'asar zuciyarsa ta buga, daga nan bai ƙara tashi ba. Likitar da ta duba shi a asibiti ta ga bakin, ta tambaye ni tun yaushe yake haka. Ta ce dasashi mai ciwo ƙofa ce a buɗe: ƙwayoyin cuta na bi ta nan su shiga jini, kumburin da ya daɗe kuma yana iya ƙara wa jijiyoyi da zuciya nauyi. Ba ta ce shi ya kashe shi ba, ni ma ban ce ba. Ajali na Allah ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ciwo ne da likitan haƙori kan wanke ya ba da magani, mu kuwa muka rufe shi da yadi muka sa masa suna kamala.

Da na ci gaba da shiru, don kare darajar Malam. Amma watan jiya na je gaida Baffa, ƙaninsa da ya gaji zauren, shi ma mai hawan jini. Ya gatsi farin goro ya ajiye sauran a faranti, sai ga jini a jikin goron. Na ce mu je asibiti, na tuna masa da bakin Malam, na ce in ya ƙi zan rubuta labarin a jarida.

"Ke ɗiyag ga, mi ka damunki?" in ji shi. "Yayana kwanansa ya ƙare, shi ke nan. In kika kai zancen ga jarida, kin tona asirin gida, kuma ba ruwana da ke."

To, Baffa, ga shi na kai.

Na sha tambayar kaina me Malam zai ce da ya ga wannan rubutu. Kunya za ta kama shi, na sani, watakila ya yi kwanaki bai kalle ni ba. Amma shi ne ya koya mana cewa jiki amana ne, neman magani kuma ba ja da ƙaddara ba ne. Wannan karatu nasa ya fi mini duk yabon da ake yi masa, shi ne gādon da na riƙe. Malamin da ya yi shekaru yana gyara wa mutane kuskure ba zai so a gaji nasa ba.

Saboda haka, Baffa, ranar Litinin da hantsi zan tsaya da mota a ƙofar zaure, kuma ba inda za ni sai da kai. Duk faɗan da ka tanadar mini, ka yi shi a hanya. Na riga na rasa uba ɗaya mai yi mini faɗa, kai kaɗai ka rage mini.